Babi na Bakwai: Unguwar da Ke Zaune a Kan Rami

Idan aka gano cewa ƙarƙashin wata tsohuwar unguwa duk rami ne, kuma gidajenta na iya ruftawa, me zai hana a biya mutane diyya, a kwashe su, a rushe wurin kowa ya huta? Wannan ce tambayar da yawancin mutane kan fara yi, kuma tana da hujja, domin gyaran ƙasa ya fi gyaran gini tsada nesa ba kusa ba. Amma a Combe Down, wata unguwa da ke kan tudu a kudancin birnin Bath na ƙasar Ingila, hukuma ta bi ɗaya hanyar. Ta kashe fiye da fam miliyan 150, aka shafe shekaru ana aiki a ƙarƙashin ƙafafun mutane, unguwar kuma tana nan inda take. Ba a gane dalilin haka sai an fara daga dutsen da aka haƙa a wurin.

Dutsen da ya gina Bath

Duk wanda ya ga hoton Bath zai lura cewa kusan gine-ginenta launi ɗaya ne, ruwan zuma mai haske. Dutsen farar ƙasa ne da ya samu fiye da shekara miliyan 160 da suka wuce, lokacin da yankin yake ƙarƙashin wani teku mai ɗumi marar zurfi. Magina na son sa saboda hali biyu. Na farko, ana iya yanka shi da zarto ta kowace fuska ba tare da ya tsage ba. Na biyu, lokacin da aka fito da shi daga ƙasa yana da danshi da taushi, sassaƙa shi ba wuya, sai daga baya idan ya sha iska ya bushe ya yi ƙarfi. Tun zamanin Rumawa ake gini da shi a wannan wuri, da shi suka gina wuraren wankansu a kan maɓuɓɓugar ruwan zafin da birnin ya shahara da ita.

Sai dai haƙar ba ta zama babbar sana'a ba sai a ƙarni na 18, a hannun wani mutum mai suna Ralph Allen. An haife shi a 1693, ya zama shugaban gidan waya na Bath tun yana saurayi, ya tara dukiya ta hanyar gyara tsarin kai wasiƙu tsakanin garuruwan Ingila. A shekarun 1720 ya fara sayen filayen tudun Combe Down, domin ya hango cewa Bath na shirin bunƙasa kuma za ta buƙaci dutse mai yawa. Matsalar ita ce sauko da dutsen daga tudu. Sai ya sa aka shimfiɗa layin dogo na katako daga mahaƙar zuwa bakin kogin Avon. Taragu ɗauke da dutse suna gangarowa da nauyin kansu, mutum na riƙe da birki, dawakai kuma su ja su a koma sama babu kaya. Daga bakin kogi jiragen ruwa ke kai dutsen Bristol da wasu wurare. Hanyar da layin ya bi ita ce titin da ake kira Ralph Allen Drive a yau.

Lokacin da masu gini a Landan suka raina dutsen, suna cewa ba ya jure ruwa da iska, Allen ya gina wa kansa katafaren gida, Prior Park, a gefen tudun inda duk birnin zai hango shi, don ya zama shaida. Mai zanen gine-gine John Wood da ɗansa, wanda shi ma sunansa John Wood, su ne suka tsara shahararrun wuraren birnin: Queen Square, da Circus, da Royal Crescent mai jeren gidaje 30 a lanƙwashe. A 1987 hukumar UNESCO ta sanya birnin Bath gaba ɗaya cikin wuraren tarihi na duniya. Masu yawon buɗe ido suna cika ƙasan kwari suna ɗaukar hoto, kaɗan ne daga cikinsu ke hawa tudun da aka rarake aka fitar da abin da suke kallo.

Ginshiƙan da aka yi ta yanka

Dutse mai kyau ba a saman ƙasa yake ba, akwai wani marar amfani da ya rufe shi. Maimakon a kwashe wannan duka, sai mahaƙa suka riƙa shiga ta gefe suna bin shimfiɗar mai kyau zuwa cikin tudun. Ma'aikaci zai fara da diga can sama kusa da rufi, ya sare wata siririyar kafa, sannan a sa ƙarafan tsaga da sandunan ƙarfe a ɓamɓaro manyan gutsattsari, ana yi ana sauka ƙasa. Tarkacen da ba a so sai a jera shi bango-bango a baya. Wurin da aka kwashe ya zama ɗaki, tsakanin ɗaki da ɗaki kuma a bar wani sashe na dutsen a tsaye ya riƙe rufin. Waɗannan ginshiƙai su ne rayuwar duk wanda ke ciki, kuma daga baya suka zama rayuwar duk wanda ke sama.

A zamanin Allen aikin na da tsari, mai shi ɗaya ne. Bayan rasuwarsa a 1764 filayen suka rarrabu, ƙananan masu haƙa suka karɓi haya, kowa na neman abin da zai fitar kafin wa'adinsa ya cika. Dutse mafi sauƙin samu kuwa shi ne wanda ke tsaye a fili, wato ginshiƙan da na baya suka bari. Haka aka riƙa yankar gefensu, wannan ya ɗiba, wancan ya ɗiba, har wasu suka sirance ƙwarai. Ba wanda ya ajiye cikakkiyar taswirar inda aka haƙa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 kasuwa ta koma Box da Corsham, inda haƙa ramin jirgin ƙasa na injiniya Brunel, wanda aka buɗe a 1841, ya bayyana dutse mai yawa kusa da layin dogo. Aka bar ramukan Combe Down, ƙofofinsu suka toshe ɗaya bayan ɗaya.

Mai karatu da ya san tsofaffin biranen ƙasar Hausa ya san kududdufi: ramin da aka ɗebi ƙasa aka yi tubalin gidajen unguwa, ya zauna a tsakiyarta har ya zama wani ɓangare nata. Ramukan Combe Down haka suke ga Bath, bambancin kawai shi ne kududdufi a buɗe yake, kowa na ganin bakinsa, waɗannan kuwa suna da rufi, kuma a kan rufin mutane suka yi gini.

Unguwar da ta tsiro a sama

Gidajen farko na ma'aikata ne. A 1729 Allen ya sa John Wood ya zana jeren gidaje don mahaƙansa, wanda yanzu ake kira De Montalt Place, da gidan shugaban aikinsa Richard Jones a tsakiya. Jeren na nan har yau, kuma yana cikin tsofaffin gidajen da wani mai masana'anta ya gina wa ma'aikatansa a Ingila. Daga nan unguwar ta yi ta yaɗuwa ba bisa wani tsari ba, sai yadda haƙa ta bar ƙasa. Inda aka yi haƙar fili aka tashi, sai a gina ƙananan gidaje a cikin kwarin, shi ya sa ake samun gida da lambunsa a ƙasa da titi, bangon bayansa kuma fuskar dutsen da aka yanka ce. Tsakanin gidaje akwai matsattsun lunguna masu katangar dutse hagu da dama, hanyoyin da ma'aikata ke bi zuwa aiki. Sunayen tituna irin su Quarry Vale da Shaft Road duk daga sana'ar suka fito.

A ƙarni na 19 masu hali suka fara hawowa tudun saboda kyan iskarsa, marasa lafiya na zuwa jinya, aka gina manyan gidaje da coci. Sana'ar dutse ba ta mutu gaba ɗaya ba. Harry Patch, wanda ya zama na ƙarshe a raye cikin sojojin Birtaniya da suka yi faɗa a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a nan aka haife shi a 1898, mahaifinsa kuma maginin dutse ne. Mutanen unguwa sun san akwai ramuka, yara ma kan leƙa ciki. Abin da babu wanda ya sani shi ne faɗinsu da kuma halin da rufinsu ke ciki.

Abin da ya fito a 1989

A 1989 wasu ma'aikata da ke haƙa rami a titi don aikin kayan more rayuwa suka ɓula cikin mahaƙar ba zato. Majalisar birnin ta sa aka yi bincike, sakamakon kuma ya tayar da hankali. Manyan mahaƙu biyu, Firs da Byfield, sun bazu a ƙarƙashin tsakiyar unguwar. A mafi yawan wurare kaurin ƙasar da ke tsakanin rufin rami da saman titi bai kai mita 6 ba, a wasu wuraren ma bai wuce mita 2 ba. Ginshiƙai da yawa sun tsattsage, rufi ya zube a wurare. A saman wannan akwai gidaje kimanin 700, da tituna, da bututun ruwa da na gas.

Tun kafin wani gida ya motsa, bala'in ya fara cin mutane ta wata fuska. A Ingila yawancin mutane da rancen banki suke sayen gida, banki kuma ba ya son ba da rance kan gidan da ƙasarsa ke da shakka, haka kamfanonin inshora. Mai gida ya wayi gari dukiyarsa mafi girma ta zama abin da ba ya sayuwa cikin sauƙi. Irin wannan hali shi ke kashe tsohuwar unguwa a hankali, domin wanda bai da tabbacin gobe ba ya kashe kuɗi a gyaran rufi ko bango.

A nan ne amsar tambayar farko take. Da an kwashe mutane, da sai an sayi ɗaruruwan gidaje a ɗaya daga cikin biranen Ingila masu tsadar gida, sannan ramin na nan bai tafi ko'ina ba, titunan da suka ratsa tudun na kansa. Ga shi unguwar na cikin yankin da UNESCO ta amince da shi, da yawa daga gidajenta kuma doka ta hana rushe su. Bath ta riga ta ɗanɗana irin wannan asara. A shekarun 1960 da farkon 1970 an rushe jerin ƙananan gidajen masu sana'a na ƙarni na 18 da sunan sabunta birni, aka bar manyan gidajen attajirai, har marubuci Adam Fergusson ya fitar da littafi a 1973 yana kokawa da ɓarnar. Birnin da ya adana Royal Crescent ya rushe gidajen waɗanda suka sare dutsenta, ya adana rabin labarinsa ne kawai.

Kankare mai kumfa

Yarda cewa za a cike ramin abu ɗaya ne, abin da za a cike shi da shi kuma wani abu ne daban. An fara kawo shawarar zuba tokar kwal ta tashoshin lantarki, mazauna suka ƙi, saboda tsoron gurɓata ƙasa da ruwa. Tsoron na da tushe: a ƙarƙashin tudun akwai ruwan da ake ɗiba don sha, duk abin da aka zuba a ramin kuma ruwan sama zai ratsa ta cikinsa ko ta gefensa. Aka daɗe ana ja-in-ja, ga kuma rashin kuɗi, domin aikin ya fi ƙarfin majalisar birni. Sai a 1999 gwamnatin tsakiya ta buɗe wani shiri na tallafa wa wuraren da tsofaffin mahaƙu suka bari cikin haɗari, daga nan kuɗin ya fito. An fara da wuraren da suka fi gaggawa, babban aikin ya biyo baya.

Abin da aka zaɓa shi ne kankare mai kumfa. Ana kwaɓa siminti da yashi da ruwa, a haɗa da kumfa, sai ya fito da sauƙin nauyi kuma yana malala. Amfaninsa shi ne yana shiga kowane lungu da saƙo, ya kewaye ginshiƙi, ya cika har rufi, ya daskare ba tare da ya ɗora wa ƙasa nauyin da ya wuce kima ba. An kafa injin kwaɓawa a Firs Field, filin wasan unguwar, daga nan bututu ke kai shi ƙasa.

Wahalar ita ce isa wurin. Ba a tura mutum ƙarƙashin rufin da ke iya faɗowa, don haka sai da aka fara gina hanyoyi masu kariyar ƙarfe a cikin ramin, mita bayan mita, har suka kai tsawon kilomitoci. Da yawa daga waɗanda suka yi wannan aiki tsofaffin mahaƙan kwal ne daga Wales, mutanen da suka san ƙarar da rufi ke yi kafin ya saki. Daga cikin waɗannan hanyoyi ake toshe sashe guda da katanga, a zuba kankare kaɗan-kaɗan, a bar shi ya kama, a ƙara, sannan a ja da baya zuwa sashe na gaba. A ƙarshe su ma hanyoyin aka cike su. Zuwa 2009 an zuba kusan kubik mita 600,000, aka kwashe injuna, aka mayar da Firs Field fili mai ciyawa kamar da. Duk tsawon wannan lokaci mutane na kwana a gidajensu, yara na zuwa makaranta, suna haƙuri da ƙura da manyan motoci.

Jemagu

Ramin ba kango ba ne. Wasu nau'o'in jemagu da suka yi ƙaranci a Birtaniya sun mayar da shi wurin kwanciyarsu ta lokacin sanyi, doka kuma ta ba su kariya mai ƙarfi. Saboda haka ba a cike ko'ina ba. An ƙarfafa wasu sassa aka bar su a buɗe, da ƙofofin da jemage zai shiga mutum ba zai iya ba, aka kuma tsara lokutan aiki yadda ba za a tashe su ba.

Abin da aka binne

Dole a faɗi gaskiya cewa ceton unguwar ya ci wani abu mai daraja. Mahaƙar kanta kayan tarihi ce, wataƙila ma ta fi wasu gidajen da ke samanta muhimmanci, kuma yanzu mafi yawanta na cikin kankare har abada. Masu binciken kayan tarihi na Oxford Archaeology sun bi ma'aikata a baya suna rubuta abin da suka gani, ba su da izinin fita daga hanyoyin ƙarfen, kuma sun san duk abin da suka duba yau ba mai sake ganinsa. Sun auna, sun ɗauki hotuna da bidiyo, sun zana taswirar da masu haƙar ba su taɓa zanawa ba.

Abin da suka samu na kusa da jiki ne. Sawun ƙafafun amalanke a daɓen rami. Alamar diga a jikin dutse, sara kusa da sara. Baƙin hayaƙin kyandir a inda ma'aikaci ya ɗora haskensa. Fasassun lofen taba na yumɓu da aka jefar, waɗanda siffarsu ke taimakawa a gane zamanin da aka yi aiki a wurin. Rubuce-rubuce da zane-zane a bango, har da lissafin dutsen da aka fitar. Siffar ginshiƙan ma ta nuna zamani, domin yadda aka sare su ya sauya daga lokacin Allen zuwa na waɗanda suka biyo shi. An yanko wasu daga cikin zanen bangon aka fito da su. Su da sauran kayan suna wata ƙaramar cibiyar tarihin dutse da aka buɗe a unguwar bayan kammala aikin. Haka kuma an ba kowane gida da aikin ya shafa farantin tangaran mai ɗauke da wani yanki na taswirar ramin.

Zaɓin da aka yi daidai ne, domin rayukan mutane da gidajensu sun fi rami. Amma da an san halin da ramin ke ciki shekaru hamsin kafin nan, ana duba shi ana tallafe ginshiƙan da suka raunana, da wataƙila an iya barin babban sashe a buɗe. Rashin taswira da rashin mai kula su suka sa lokacin da aka farga babu sauran zaɓi mai yawa.

Kiyaye abin da ke sama

Daidaita ƙasa bai gama aikin ba. Abin da ya rage shi ne na yau da kullum, wanda ba ya ƙarewa. Tun 1967 dokar Ingila ta ba ƙananan hukumomi ikon ware unguwa sukutum a matsayin yankin kiyayewa, inda ba a rushe gini ko sare babbar bishiya sai da sanin hukuma. Ginin da aka sa cikin rajistar gine-ginen tarihi kuwa, ko tagarsa ba a sauyawa sai da izini.

A unguwa irin wannan, abin da ya fi saurin salwanta ƙanana ne. Mutum ya rushe katangar gaban gidansa don ya sami wurin ajiye mota. Wani ya cike kwarin bayan gida ya daidaita shi da titi. Wani ya toshe lungu. Kowanne shi kaɗai ba ya kama da ɓarna, amma su ne ke nuna inda aka haƙa da inda aka bi, idan suka tafi unguwar ta zama kamar kowace.

Gyaran bangon kansa na da ƙa'ida. Wannan dutse yana shan ruwa yana fitarwa, magina na da kuma da kwaɓin farar ƙasa suke haɗa shi, wanda ya fi dutsen taushi, danshi na fita ta cikinsa. Idan aka cike tsakanin duwatsun da siminti, danshin ba shi da mafita sai ta fuskar dutsen, sanyi ya daskarar da shi, fuskar ta riƙa ɓarewa, bayan wasu shekaru sai a ga layukan siminti a tsaye dutsen ya lotsa. Haka nan dole a kwantar da kowane dutse yadda yake kwance a cikin ƙasa, domin wanda aka tayar a gefensa yakan riƙa saɓulewa falle-falle. Wannan ilimi a hannun magina yake, kuma unguwar na buƙatar su da dutse irin na asali kamar yadda take buƙatar doka.

Bath ta cike raminta ne bayan ya kusa cin unguwa. Akwai birnin da ya gamu da wannan matsala fiye da shekara 200 kafin haka, ya kuma bi wata hanya dabam. A 1774 wani titi ya rufta a kudancin Paris, a 1777 Sarki Louis na 16 ya kafa hukumar duba tsofaffin mahaƙun birnin, wadda ke aiki har yau. Babi na gaba zai bi ma'aikatanta zuwa ƙarƙashin babban birnin Faransa, inda aka zaɓi a auna ramukan, a tallafe su da ginshiƙai, a bar su a buɗe.